Mutanen Sau a Littafin Imam Ahmad ɗan Furtu

A 1576 Imam Ahmad ɗan Furtu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Barno, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1926. A cikinsa ne ake samun labarin Sau, watau mutanen da suka riga Barebari zama a bakin Komadugu Yobe, kogin da gangarensa ya raba Nijeriya da Nijar. Limamin ya bayyana yadda aka sare itatuwansu, aka ɓata shukarsu, aka ci Damasak, amma bai kawo ta bakin ko ɗayansu ba, gama yabon sarkinsa yake yi. Lalle littafin shaida ce mai daraja, sai dai ta ɓangare guda. Wajibi ne malami ya gargaɗi almajiransa, kada su ɗauki hukuncin mai nasara a kan shi ne tarihin waɗanda aka ci.