Wa Za a Roƙa? Sharhi kan Izinin Sanya Ɗiyan Waƙoƙin Baka cikin Littattafan Koyarwa

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne a yi tsokaci kan wata al'ada da ta zauna wa masu wallafa littattafan adabi, wato ɗebo ɗiyan waƙoƙin makaɗan baka a zuba cikin littafin makaranta, sannan a sallami maganar izini da jimla guda ta godiya a shafin gabatarwa. Galibi ma godiyar tana tafiya ne ga wanda ya ba da aron kaset.

A ƙasashen Turawa hanyar a miƙe take: akwai kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙa, marubuci ya aika masa da takarda, ya faɗi layi nawa yake so da yawan kofen da za a buga, a yanka masa kuɗi. Waƙar baka kuwa ba ta da irin wannan ƙofa guda. Alal misali, a ɗauki waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 1988 da wadda ta maye gurbinta ta 2022, tana kare kalmomi da ƙarin waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Ke nan haƙƙin yana nan har ƙarshen 2069, kuma gado ne kamar gona. Shi kuma sautin da aka naɗa haƙƙinsa daban ne, na shekara 50, yawanci a hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗar, ko gidan rediyo ko kamfanin faifai. Saboda haka littafin da ya kawo matani kaɗai magada zai nema. Wanda ya haɗa da sauti sai ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu. (Uban gidan da aka yi wa waƙar, wanda ya ba da doki da riga, yakan ɗauka tasa ce. Doka ba ta san shi ba.)

Hujjar da aka fi kafawa ita ce aikin ilmi ne. To, lalle doka ta yi rangwame ga mai sharhi da ya kawo ɗa ɗaya ko biyu don ya nuna salo, da malamin da ya kunna wa ɗalibai waƙa a aji. Amma a juyo waƙa sukutum, daga gindinta har ɗan ƙarshe, a buga dubbai a sayar wa ɗaliban sakandare, wannan ciniki ne, ko da farfesa ne ya yi shi.

Abin da ya fi wuya a warware shi ne zancen 'yan amshi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan tsara waƙa tare da yaransu, wani ya kawo ƙari, wani ya gyara karɓi. Dokar da aka gina kan mawallafi mai suna a bango ba ta hango su sosai ba, kuma littattafanmu ko sunayensu ba su cika ambata ba, balle a nemi iyalansu.