Tarihin Jirgin Ƙasa a Arewa da Birnin da Dogo Bai Je Ba

Masu rubuta tarihin jirgin ƙasa na Nijeriya ta Arewa sun saba bin dogo sawu da ƙafa, inda ya tsaya nan alƙalaminsu yake tsayawa. Asalin labarin ba shi da gardama. Gwamna Girouard, wanda ya ƙware da aikin reluwe tun a Sudan, shi ya tsaya a kan shimfiɗa hanya daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano, mil 356. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Abin da Turawa suka sa rai da shi auduga ce domin masaƙun Lankasha. Sai manoma suka ba su gyaɗa.

Wannan juyi shi ne jigon littafin Jan Hogendorn na 1978 a kan asalin cinikin gyaɗa. Ya nuna cewa manomin Kano ya auna kuɗin da kamfani yake bayarwa a kan auduga da wanda masaƙan gida suke bayarwa, ya ga babu riba ya kai wa Bature, sa'an nan ya ga gyaɗa tana biyan haraji, in kuma shekara ta ɓaci a ci ta. Fataken goro da suka san ƙauyuka, su suka zama dillalai. Hujjar tana da ƙarfi, ta kuwa kawar da tsohon zancen nan cewa talaka ba ya lissafi. Amma fa ta rinjaya wajen zaɓin manomi, har ta kusa mantawa da cewa wanda aka ce ya biya haraji da sule, ba da wuri ba, zaɓinsa ragagge ne.

Michael Mason ya dubi ɗaya gefen, watau aikin tilas na tsakanin 1907 da 1912, sa'ad da Razdan yake yanka wa Sarki adadin mutane, Sarki ya yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa dagaci. A nan ne malamin Hausa yake da abin cewa wanda masanin tattalin arziki ba shi da shi. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda hanyar ta ratsa ƙasarsa, ya bar Waƙar Diga, shaidar mutumin da aka yi abin a gabansa. Kalmar diga kanta, da tasha, da lebura, da reluwe, duk sun shigo harshe ta wannan ƙofa. Shehu Tijjani Yusuf ya yi amfani da waƙar a bincikensa na ƙauyukan da ke tsakanin Zariya da Kano, irin su Likoro da Gimi da Ɗangora da Madobi, ya kuwa kyauta, gama ya sauko da tarihin daga ofishin Gwamna zuwa bakin tashar ƙauye.

Duk da haka ayyukan nan uku suna kan layi ne, ko kusa da shi. Wanda ya karanta su a Katsina, ya fita Ƙofar Kaura ya dubi hanyar Kano, sai ya ga ba a ba shi labarin ƙasarsa ba. Birnin Katsina bai ga jirgi ba a zamanin Turawa. Tsakaninsa da tashar Kano wajen mil ɗari ne, kuma kafin motoci su yawaita jaki da raƙumi da takarkari su suka cika wannan giɓi. Ashe jirgi bai kashe sufurin dabbobi nan da nan ba. Sauya masa alƙibla ya yi. Ayarin da dā yake fuskantar Agadas ya juyo yana fuskantar sikelin kamfani. Nawa ne ladan jaki a kan buhu, wa yake da jakunan, nawa manomin Kaita ko na Jibiya yake rasawa saboda nisa? Irin tambayoyin da ya kamata a yi ke nan, takardun En'e ta Katsina na zamanin Sarki Muhammadu Dikko, 1906 zuwa 1944, su ne wurin da ya cancanci a fara nema.

Da aka shimfiɗa reshen Zariya zuwa Gusau, ya kai Kauran Namoda a 1929, sai ya ratsa kudancin ƙasar Katsina ta Funtuwa. (Kada kamar suna ta ruɗi ɗalibi: Kauran da jirgi ya je na Zamfara ne, ba na ƙofar birni ba.) Wannan reshe an yi masa rowar tawada, alhali kuwa shi ya fi taɓa masarautar. Funtuwa ta sami tasha da injin gurzar auduga da kantunan kamfanoni da baƙi daga Kudu, ta zama babbar kasuwa. Audugar da aka nema a Kano aka rasa, a nan aka same ta. Ma'anar wannan ita ce nauyin arzikin masarauta ya karkata kudu, sarauta da Kwalejin Katsina suna arewa.

Sai dai kada a ɗora wa jirgi laifin da ba nasa ba. Akwai masu cewa rashin dogo ne ya durƙusar da kasuwar Katsina. Barth ya zo birnin a 1851, ya tarar da yawancin cikin ganuwa fili ne, ciniki ya riga ya koma Kano tun bayan jihadi da yaƙe-yaƙen Maraɗi. Jirgi ya tarar da rinjayen Kano ne, ya ƙarfafa shi da ƙarfe.

Akwai kuma gyaɗar ƙasar Faransa. Shekaru da yawa abin da aka noma a Maraɗi ta Katsina yake bi zuwa tashar Kano, har Faransawa suka yi dabarar karkatar da shi ta Faraku da Kwatano a shekarun 1950. Wannan tsohuwar hanyar jakuna da manyan motoci ita ce kusan wadda aka zana wa sabon dogon Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, shekara 110 bayan isowar jirgi Kano.