Hali Zanen Dutse? Nazarin Wasan Kwaikwayon Being Human a Ma'aunin Aƙida

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin zango uku na farko na Being Human, wasan kwaikwayo mai dogon zango na ƙasar Ingila, wanda aka gina a kan labarin mashayin jini da mai rikiɗa kyarkeci da fatalwa, da suka kama hayar gida ɗaya suna neman su rayu kamar kowa. Maƙalar ta nuna cewa wasan ya dace wajen siffanta yaƙin mutum da zuciyarsa, amma ya ajiye mugunta a cikin jini, sannan ya toshe ƙofar tuba. Ta kuma bayyana yadda wannan hukunci ya zo daidai da wanda al'ummarmu take yanke wa wanda aka jefa da maita da wanda shaye-shaye ya kama, alhali Alƙur'ani da Sunna sun rushe shi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Zoo Road da yamma, ya ratsa ta Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi har ya ɓulla cikin Tarauni, zai ga shagunan masu tura finafinai a waya, matasa na tsaye suna miƙa wayoyinsu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a shekarar 2001, tana duba abin da masu shirya finafinan Hausa suka yi. Abin da yake shigowa ta intanet ya wuce daga waya zuwa waya kuwa, ya fi ƙarfin almakashin kowace hukuma. Ta wannan hanya ce wasan ya iso hannun wani ɗalibina da ke zaman ɗakin haya da abokansa a Gyaɗi-Gyaɗi, shi kuma ya zo mini da tambaya bayan darasin tauhidi: idan aka halicci mutum da sharrin da ba shi ya zaɓa ba, da wane adalci za a kama shi? Tambayar ta girmi wasan, domin malaman aƙida sun daɗe suna tattauna ta a babin ƙaddara da zaɓi. Amma tunda wasan kwaikwayo ne ya sa ta a bakin ɗalibin ilimi, wajibi ne a duba abin da wasan ya ce.

2.0 Wasan da Taurarinsa

Toby Whithouse ne ya ƙirƙiri Being Human, wato "zama mutum". Tashar BBC Three ta nuna gwajinsa a 2008, sannan ya gudana zango biyar daga 2009 zuwa 2013. An sake yin irinsa a Amurka daga 2011 zuwa 2014. Labarin ya fara ne a birnin Bristol. Mitchell soja ne da aka mayar mashayin jini a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yanzu yana ƙoƙarin daina sha. George saurayi ne mai kunya, wanda kyarkeci ya yakushe shi, don haka duk daren da wata ya cika sai ya rikiɗa dabba. Su biyun ƙananan ma'aikata ne a asibiti, masu tura marasa lafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Da suka kama haya sai suka tarar da Annie, budurwar da ta mutu a gidan bayan ta faɗo daga matattakala, daga baya ta gane cewa wanda zai aure ta ne ya turo ta.

Akwai wani bayani da yake buɗe ma'anar wasan duka. Tun farko marubucin mutane uku na gaske ya tsara: ɗaya sha'awa ta rinjaye shi, ɗaya fushi, ɗaya kuma tsoron fita cikin jama'a. Daga baya ne ya sanya musu rigar dodanni. Ke nan jini da kyarkeci da fatalwa duk misalai ne, abin da ake magana a kansa shi ne ɗan Adam.

3.0 Inda Wasan Ya Dace

Adalci ya wajabta a faɗi alherin abu kafin aibinsa. Wasan ya fahimci cewa mafi wahalar yaƙi shi ne wanda mutum yake yi a cikin ƙirjinsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a littafin abubuwan mamakin zuciya na Ihya'u Ulumiddin cewa an cakuɗa ɗabi'u huɗu a cikin mutum: ta namun daji masu farauta, da ta dabbobin ni'ima, da ta shaiɗanu, da ta ubangijintaka. Ya misalta fushi da kare, ya misalta sha'awa da alade, ya ce aikin hankali ne ya riƙe linzaminsu. Wanda ya karanta wannan babi, in ya ga George yana neman ɗaki mai ƙarfi da zai kulle kansa kafin wata ya cika don kada ya cutar da kowa, zai gane hoton nan take. Haka Mitchell, wanda yake yini cikin asibiti, jini na wucewa ta gabansa, yana danne ƙishirwarsa. Wannan mujahada ce, ko da marubucin bai san sunanta ba.

Wasan ya kuma dace wajen nuna tasirin abokin zama. Duk lokacin da Mitchell ya koma wajen tsohon ubangidansa Herrick da jama'arsa, sai ya faɗi. Duk lokacin da ya lizimci gida tare da George da Annie, sai ya sami sauƙi. Hadisin da ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera, shi ne sharhin wannan yanayi. Mafi taɓa zuciya shi ne Annie, wadda take yini tana dafa shayin da ba za ta iya sha ba, tana jera kofuna a ko'ina cikin gida, don dai ta ji tana da amfani ga wani.

4.0 Inda Ya Kauce

4.1 Matattu ba sa zaman haya

Musulunci bai musanta cewa muna da abokan zama da ba ma gani ba. Aljanu halitta ce tabbatacciya, kuma hadisin Abu Sa'id Alkhudri a Sahihu Muslim ya yi bayanin waɗanda suke zaune a gidajen Madina, har aka yi umarnin a yi wa macijin gida gargaɗi kafin a kashe shi. Badruddin Ashshibli ya tara hukunce-hukuncensu a littafinsa Akamul Marjan. Sai dai aljani mukallafi ne kamar mutum, kamar yadda aya ta 56 ta Suratuz Zariyat ta haɗa su a manufar halitta ɗaya, wato bauta. Shi ba mutum ne da ya lalace ba, kuma ba ran mamaci ba ne.

Annie kuwa ran mamaciya ce da ta maƙale a duniya saboda bashin da take bin wanda ya kashe ta. A wasan, ƙofa tana bayyana ga mamaci idan ya kammala abin da ya tsayar da shi, kuma Annie ta taɓa ganin tata ƙofar ta ƙi shiga. Aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'uminun sun yanke wannan magana: mai roƙon a mayar da shi duniya ba a amsa masa, kuma akwai shamaki a bayansa har ranar tashi. Larabawan Jahiliyya sun ɗauka cewa wani tsuntsu yana fita daga kan wanda aka kashe, yana kuka har sai an ɗaukar masa fansa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore wannan camfi da sunansa. Annie ita ce wannan tsuntsu, an dai sauya mata tufafi. Haɗarin a nan bai tsaya ga labarin fatalwa ba. Wasan ya mayar da lahira wani ofishi mai dogayen lunguna da ƙofofi, inda ake tuna wa mutum laifinsa amma babu Alƙali. Mutumin da ya fi kowa ambaton Ubangiji a zango na biyu, limamin coci Kemp, shi aka mayar azzalumin da yake halaka masu rikiɗa da sunan yi musu magani.

4.2 Laifi ba tare da tuba ba

A ƙarshen zango na biyu Mitchell ya faɗi faɗuwa mafi muni, shi da wata irinsa suka hallaka mutum ashirin a cikin jirgin ƙasa. Zango na uku kacokan nadamarsa ce. Amma ina zai kai ta? Ba shi da wanda zai roƙa gafara, kuma wasan ya riga ya tabbatar cewa ƙishirwar a jininsa take, ko ba daɗe ko ba jima za ta dawo. Sai ya roƙi amininsa George ya kashe shi, George kuma ya yi, aka nuna wannan a matsayin ƙololuwar ƙauna.

A ajiye wannan kusa da hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba, aka ce masa babu, sai ya cika ɗari da shi. Da ya tambayi malami, sai aka buɗe masa ƙofar, aka kuma umarce shi ya bar garinsa zuwa garin mutanen kirki. Ya mutu a hanya, rahama ta riske shi. Laifin wannan mutum ya ninka na jirgin ƙasa sau biyar. Abin lura shi ne, marubucin Being Human ya tsaya a matsayin mai ibadar nan da ya ce babu tuba, kuma hadisin ya nuna abin da yanke ƙauna yake haifarwa: ƙarin gawa. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna ɗebe tsammani, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kuma ta hana kashe kai. Amsar tambayar ɗalibina ke nan. An halicce mu da sha'awa da fushi ba da zaɓinmu ba, kuma ba a kama mu a kan samuwarsu. Ana kama mu ne a kan abin da muka aikata da su, kuma ko bayan aikatawa ƙofar ba ta rufe sai rai ya kai maƙogwaro.

Daga nan ne ma'anar sunan wasan ta taƙaita. Zama mutum a wajensu shi ne biyan haya, da zuwa aiki, da gaisawa da maƙwabta. Waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma Alƙur'ani ya ɗora mutuntaka a kan karamcin da aka ambata a aya ta 70 ta Suratul Isra'i, da amanar da aka ambata a aya ta 72 ta Suratul Ahzab. Mai ɗauke da amana yana iya cin ta, yana kuma iya komawa ga Mai ita.

5.0 Abin da Ya Shafi Kano

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da dodannin Turawa? Babu matashin Tarauni da zai fara tsoron kyarkeci. Gaskiya ne. Sai dai kowane ɗaya daga cikin ukun yana da ɗan'uwa a camfinmu: fatalwa muna da ita da sunanta, mai rikiɗa kura yana cikin labaranmu, mashayin jini kuwa maƙwabcin maye ne. Abin da ake faɗa a kan maye shi ne ainihin abin da wasan ya faɗa a kan Mitchell: abin a cikinsa yake, ƙanƙara ce a ciki, ana shan ta a nono, ko ya so bari ba zai iya ba. Da wannan magana ake tilasta wa tsohuwa ta tsallaka marar lafiya a bainar jama'a, da ita ake fasa auren jikokinta, ba shaida ba alƙali. Wasan ya ce a tausaya wa dodo, kuma wannan ya fi jifa. Shari'a kuwa ta fara ne da tambayar hujja, ta haramta mummunan zato, ta kuma hana wani ya ɗauki laifin wani, balle a gaje shi.

Na biyu ya fi kusa da ɗakunan hayar samarinmu. A shekarar 2018, bayan rahoton binciken BBC da ya nuna ɓarnar maganin tari mai kodin, har da abin da aka ɗauka a Kano, Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Mitchell hoton ɗan shaye-shaye ne, da alkawarinsa da komawarsa da kunyarsa. Matashin da yake fama da kwalba ko ƙwaya, in ya kalli zango ukun nan, zai ga kansa fiye da yadda yake ganin kansa a yawancin wa'azinmu. Daga nan sai wasan ya gaya masa ƙarshen irinsa. A gida kuma an riga an ce masa hali zanen dutse ne. Idan allon waya da bakin dangi suka haɗu a kan hukunci ɗaya, mai wa'azi ne ya rage ya faɗi abin da malamin cikin hadisi ya faɗa, ya haɗa da sauya abokai da zuwa asibiti, domin neman magani umarnin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

6.0 Kammalawa

Wannan nazari ba kira ba ne zuwa kallon Being Human. Akwai tsiraici da fasiƙanci da zubar da jini a cikinsa waɗanda suka isa su sa mai kishin addininsa ya kau da ido. Amma hani kaɗai ba ya amsa tambayar da ta riga ta shiga zuciya. Masu shirya finafinanmu na Zoo Road sun daɗe suna nuna aljani da boka don tsoratarwa ko ban dariya, kuma tuba a wajensu sau da yawa minti biyu ce kafin a rufe fim. Da za su ba ta tsawon da wannan wasa ya ba nadama, su nuna mai tuba yana faɗuwa yana tashi, maƙwabta na gudunsa, aboki ɗaya na riƙe da hannunsa har ya tsaya da ƙafarsa, da sun ba da labarin da marubucin Ingila ya kai bakin ƙofarsa ya kasa shiga. Allah ne Mafi sani.