Sun Hunturu a Binuwai da Ilmin Gurbi

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta a tsakiyar watan Janairu, lokacin da hazo ya rufe dutsen Bagale, kogin Binuwai kuma ya janye ya bar tsibiran yashi, zai ga kwale-kwale kaɗan ne ke yawo, kuma mai yiwuwa ne ya zaci sanyi ne ya kori masunta daga ruwa. Alhali kuwa a wannan fasali ne ake rarrabe masuncin da ya gaji sana'ar da wanda yunwa ta tura cikinta, domin da kaka, sa'ad da ruwa ke komawa daga fadamu ɗauke da tarwaɗa da karfasa da kurungu, ko yaro ya jefa birgi ba ya dawowa hannu wofi. Amma idan hunturu ya kankama, kifi ya daina kiwo a bakin gaɓa ya nutsa cikin gurabe masu zurfi, to, sai mai ilmi.

A ƙasashen sanyi, kamar arewacin Amurka da Kanada, akwai wata hanyar su da ta dace a ambata don kwatanci. Suna da tafkuna masu zurfin gaske, inda wani jinsin kifin salmon, wanda asalinsa na teku ne, ya zauna cikin ruwan daɗi tun zamanin da, kamar a tafkin Sebago na jihar Men. Kifin nan sanyi yake so, saboda haka da bazara yakan gudu ƙasa, amma idan sanyi ya game ruwan sama da ƙasa sai ya taso kusa da fuskar ruwa, masu su kuma, muddin ƙanƙara ba ta rufe tafkin ba, su bi shi da jirgi a hankali suna jan ƙugiya a baya, an ɗaura mata ɗan ƙarfe mai walƙiya da ke kama da ƙaramin kifi. Hikimar Ubangiji ta sa namu kifin akasin haka yake, zafi ke motsa shi, sanyi ya kwantar da shi. Sai dai mas'alar da ke gaban masuncin can da na nan guda ce: a wane zurfi kifi yake yau? Su suna tambayar na'ura, namu kuwa yana tambayar gorar tuƙi da launin ruwa da abin da mahaifinsa ya nuna masa.

Kayan wannan fasali shi ne mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi da yawa, wadda ake shimfiɗawa da almuru a bar ta ta kwana, a ɗaga da asuba. Aikin a ido mai sauƙi ne, amma kowane sashe nasa hukunci ne. Nauyin dutsen da za a ɗaura shi ke ƙayyade inda koto zai tsaya. Ragon ruwa da kurungu mazauna ƙasa ne, sai an kai musu har inda suke kwance, giwan ruwa kuwa, wanda babbansa kan haura kilo 100, mafarauci ne da ya fi son ɗan kifi mai rai, yana fako a gindin dutse ko kututturen da ruwa ya binne. Mai mamari dole ya san gurbin da ke da laka da wanda ke da duwatsu masu cin igiya, ya san inda dorina ke kwana ya kauce mata. A ganina wannan ilmi ne na haƙiƙa, mai ƙa'idoji da isnadi daga uba zuwa ɗa, ko da yake ba a taɓa zama an rubuta shi a allo ba. Kuma yana da wata falala da taru ba shi da ita, domin babbar ƙugiya ba ta shiga bakin ɗan ƙaramin kifi, tana zaɓen wanda ya riga ya girma ya hayayyafa.

Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Batawa ke su a wannan kwari, kuma bikin kamun kifi na tafkin Njuwa gadonsu ne. Jukunawa da Hausawa su ma sun zo da nasu dabarun. Abin da ya haɗa su shi ne al'adar rufe tafki, kada kowa ya jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta abin da ke cikin ruwa ba tare da yanka ba, amma halaccin ci bai taɓa zama izinin israfi ba, kuma rufe tafki maslaha ce da shari'a ba ta ƙi.

Abin da ke damuna shi ne gurbin kansa yana gushewa. Tun da aka gama madatsar Lagdo a ƙasar Kamaru a 1982, shekarar da aka gama ta Kiri a kan kogin Gongola, cikar Binuwai ta daina bin tsohon lissafinta: a yawancin shekaru ba ta kai ƙarfin da za ta share yashi ta cika tafkuna irin su Geriyo da Njuwa yadda ta saba, a wasu kuma, kamar 2012 da 2022, ta zo da ɓarnar da ta ci gidaje da gonaki. Kogin da a da jiragen Kamfanin Neja ke hawa da damina har Garwa, yau da rani ana noman lambu a kan gadonsa. Ga kuma masu jan gidan sauro a maimakon koma, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Matashin da ya ga mamari ya kwana bai kama komai ba sau uku, ba za a zarge shi ba idan ya ajiye shi ya tafi noman rani a Geriyo ko ya hau Keke Napep cikin Jimeta, sai dai sunayen gurabe da alamominsu a bakin tsofaffi suke, kuma ba a koyar da su sai a cikin jirgi.