Dreamcast: Kaya Mai Kyau da Kasuwa Ta Ƙi

A wannan fitowar za mu taɓo wata magana da wasu dattawa za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba, wato maganar gem. To amma duk wanda ke zama a majalisar 'yan shekara arba'in zuwa hamsin bayan sallar isha ya san hirar ta dawo. Matasan jiya, waɗanda yau su ne masu shaguna da iyali, sun koma begen wata na'urar wasa mai suna Dreamcast. Wani ya ce ba a taɓa ƙera kamarta ba, wani ya ce zalunci aka yi mata, wani kuma ya sauke wasanninta a waya yana nuna wa 'ya'yansa. Mu da muka daɗe a kasuwa, muka ga shigowar kaya iri-iri da fitarsu, muna ganin ya dace a ɗora wannan bege a kan sikeli.

Kamfanin Sega na ƙasar Japan ne ya ƙera ta. Ta fito a Japan ranar 27 ga Nuwamba 1998, ta shiga Amurka ranar 9 ga Satumba 1999 a kan dala 199, ta isa Turai a watan Oktoba na wannan shekara. A ƙarshen Janairu 2001 Sega ya sanar da cewa zai daina ƙera ta, zuwa ƙarshen Maris an rufe babin. Duka-duka rayuwarta a kasuwa ba ta cika shekara biyu da rabi ba, kuma abin da aka sayar a duniya bai wuce miliyan 9 da 'yan kai ba. Daga nan Sega ya bar sana'ar ƙera na'ura, ya koma yi wa abokan hamayyarsa wasanni.

Da yawa a cikinmu sun fara ganin sunan ne a ƙirjin Nwankwo Kanu. Sega ya ɗauki nauyin ƙungiyar Arsenal daga 1999 zuwa 2002, aka rubuta Dreamcast a jar rigarsu. A watan da na'urar ta shiga Turai ne Kanu ya zura wa Chelsea ƙwallo uku cikin minti goma sha biyar na ƙarshen wasa. Yara sun yi ta sa rigar a layukan unguwar nan, mafi yawansu ba su san me kalmar ke nufi ba. Ita kanta na'urar kaɗan ce ta shigo hannunmu, galibi cikin kayan tokumbo, wasu ma sai bayan an daina ƙera ta farashinta ya karye.

Bari mu fara da ba ta haƙƙinta. Farar akwati ce 'yar ƙarama, mai ramuka huɗu na haɗa hannun wasa, ga shi PlayStation ta wancan lokaci biyu gare ta. Mutum huɗu kenan a tabarma ɗaya. Faifanta na musamman ne, ana ce masa GD-ROM, yana ɗaukar kusan gigabait ɗaya. Abin ajiyar wasanta, VMU, yana da ɗan allo nasa na kansa, ana cusa shi cikin hannun wasa, ana kuma iya zare shi a yi 'yan ƙananan wasanni da shi. Sannan ta zo da abin haɗawa da intanet ta layin tarho a jikinta. Wanda ya saba da hotunan PlayStation ta farko masu rawa da kaifi-kaifi, ranar da ya ga Soulcalibur a Dreamcast sai ya riƙe baki. Kamfanin Namco ne ya yi wannan wasan faɗa da takubba, kuma wanda aka yi wa gida ya fi na gidajen wasa kyau, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A nan masu bege sun yi gaskiya. Abin da za mu ƙara kawai, shigar wasu matan da ke cikinsa ba irin wadda uba zai so a kunna a tsakar gidansa ba ce.

Crazy Taxi kuwa, wallahi kamar wanda ya yi shi ya taɓa shiga danfo. Kai ne direban tasi, ka ɗauki fasinja, agogo na ƙirga maka daƙiƙa, ka bi hannun da ba naka ba, ka haye dakali, ka tsallake tudu. Ka isa da wuri a ƙara maka kuɗi, ka makara fasinja ya dire daga motar ya bar ka. Gwanintar wasan ita ce cikin minti ɗaya ka gane shi, amma ka shekara ba ka ƙure shi ba. Laifinsa kuma a fili yake: duk gangancin da ka yi, lada ake ba ka. Mu da muke da 'yan acaɓa da direbobi a kowane gida, mun kuma je jana'izar wasunsu, dariyarmu a kan wannan wasa ba ta kai ciki sosai.

Wasan da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Shenmue, na wani gwani mai suna Yu Suzuki, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1999. Labarin wani saurayi ne, Ryo Hazuki, a garin Yokosuka cikin shekarar 1986. Ya dawo gida ya tarar wani baƙo mai suna Lan Di na dukan mahaifinsa saboda wani madubi na dutse, ya kashe shi a gaban idonsa. Daga nan Ryo ya shiga neman wanda ya yi kisan.

In ka ji haka za ka ɗauka faɗa ne daga farko har ƙarshe. Ina! Mafi yawan wasan tambaya ce da jira. Ryo zai fita unguwa, ya gaida mai shago, ya tambayi wanzami, a ce masa je ka wurin wane. Shaguna na da lokacin buɗewa da na rufewa. In an ce ka zo gobe da rana, to sai goben. Kowane mutum a unguwar yana da gidansa da harkarsa, rana na faɗuwa, ruwa na sauka, dusar ƙanƙara na zuba. Dattijuwar da ke kula da gidansu tana ajiye masa yen 500 kullum, kuma dare ya yi dole ya koma gida. Can gaba ma aiki yake samu a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa motar ɗaga kaya daga wannan sito zuwa wancan, a biya shi gwargwadon akwatunan da ya kai.

Mutane da yawa sun ce wannan ɓata lokaci ne, wa zai sayi wasa don ya je aikin dako? A ganinmu nan ne darajarsa take. Duk baƙon da ya taɓa sauka a wannan unguwa da 'yar jakarsa ya san wannan rayuwa: ka nemi mai masauki, a haɗa ka da wani, ka jira, ka yi ɗan aikin da ya samu kafin babban ya zo. Shenmue ya gane cewa mutum ba ya kaiwa ga buƙatarsa sai ta hannun maƙwabta, kuma wanda bai iya gaisuwa da haƙuri ba ba zai ji labarin komai ba. Wasanni kaɗan ne suka girmama talakan unguwa irin haka.

Amma akwai inda muka saɓa da shi. Kusan duk wanda ke ƙaunar Ryo yana roƙonsa ya haƙura da ɗaukar fansa. Akwai yarinyar da ke sonsa, ya kasa tsayawa ya saurare ta. Makaranta ma ya watsar. Wasan na nuna maka wannan asara, sai dai ba ya ba ka hanyar da za ka ce ka fasa. Ga kuma babban aibi ga mai saye: labarin bai ƙare ba. An kashe masa kuɗin da a lokacin ake cewa ba a taɓa kashe wa wani wasa ba, bai mayar da su ba. Na biyu ya fito a 2001, na uku sai 2019, bayan masoya sun yi karo-karon sama da dala miliyan 6, kuma har a ƙarshen na ukun Ryo bai gama da Lan Di ba. Ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗinka ya ba ka rabin kaya, komai kyan rabin, da sauran magana tsakaninku.

Yanzu ga tambayar da ake ta yi a majalisa: kaya mai kyau haka, me ya kashe shi? Masu bege na son su ce makirci ne. Mu 'yan kasuwa mun san dalilan, don kullum muna ganin irinsu.

Na farko, amana. Kafin Dreamcast, Sega ya fitar da 32X da Saturn, ya yi watsi da su da wuri, ya bar waɗanda suka saya da dillalai riƙe da kaya. Wanda ka taɓa bari a rana, ko zinariya ka kawo gobe sai ya yi jim. Kamfanin Electronic Arts, mai wasan FIFA, bai yi wa Dreamcast wasa ko ɗaya ba. A wurinmu nan wannan kaɗai ya isa hukunci. Mai gidan gem ƙwallo ce cinikinsa, yara kuma Winning Eleven suke nema, wanda ke kan PlayStation. Virtua Striker na Sega yana da kyan gani, amma bai riƙe layi ba.

Na biyu, gaba da gabanta. Sony ya fito da PlayStation 2 a Japan cikin Maris 2000, tun kafin ta fito ma mutane suka riƙe kuɗinsu suna jira. Tana kunna fim na DVD, tana kuma karɓar tsofaffin faifan PlayStation ta farko. Mai gida zai ce da kuɗi ɗaya ya sayi abu biyu. An sayar da ita sama da miliyan 150. Sega ya yi ta karya farashi, daga dala 199 zuwa 149, daga baya 99, kowace karyawa asara ce a kan asara.

Na uku, satar fasaha. A shekarar 2000 wasu suka gano ƙofar da za a kunna kwafin wasa a faifan CD na banza ba tare da an buɗe na'urar an sa mata komai ba. Masu irin wannan sana'a ribarsu a faifai take, na'urar kusan a faɗuwa suke sayar da ita. Ba mu ce wannan kaɗai ya kashe ta ba, amma ya ƙara wa miki gishiri. Saboda haka duk mai kukan mutuwar Dreamcast ya tambayi kansa faifai nawa na asali aka saya a garin nan. Haƙƙin mai gumi haƙƙi ne ko da yana Tokyo, kuma mun san yadda wannan cuta ta yi wa 'yan fim ɗinmu na Kano.

Akwai wani abu da ya kamata a tuna. Shugaban Sega na lokacin, Isao Okawa, ya sadaukar da dukiyarsa ta kansa mai ɗimbin yawa don kada kamfanin ya rushe, ya rasu a watan Maris 2001, watan da aka daina ƙera na'urar. Mai dukiyar da ya ƙi gudu ya bar ma'aikatansa, ko a ina yake, ya cancanci a ambace shi.

Inda muke so masu bege su yi hattara shi ne faɗar da suke yi cewa wasannin da sun fi tsabta, na yanzu ne suka lalata yara. Rabin maganar gaskiya ce. A da ka sayi faifai sau ɗaya ka mallaka, ku zauna ku huɗu kuna ganin fuskar juna, wuta ta ɗauke kowa ya watse. Yau wasan na cikin aljihun yaro, yana bin sa har shimfiɗa, yana cin data, yana neman a sayi wannan a sayi wancan, daga shi zuwa cacar ƙwallo kuma taku ɗaya ne. Sai dai ita Dreamcast ɗin tana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Phantasy Star Online, da ya fito a ƙarshen 2000, shi ya koya wa masu wasan gida kwana a intanet tare da mutanen da ba su taɓa gani ba, sigarsa ta biyu kuma ta zo da kuɗin wata a wasu ƙasashe. Abin da ya tsare mu a lokacin rashin layin tarho ne a gidaje, don wayar hannu ta GSM sai a watan Agusta 2001 ta fara aiki a Najeriya, bayan an binne Dreamcast. Kuma kada a manta, gidajen gem na wancan zamani ma sun ci kuɗin makaranta, sun cinye wa yara da yawa la'asar da magariba. Iyayen lokacin sun yi kuka kamar yadda na yanzu ke yi.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da mafi yawan 'yan'uwanmu ke bege shi ne lokacin da ba su da kuɗin haya a wuya, abokai na kusa, iyaye na raye. Wannan ba laifi ba ne, amma ba farar akwati ce za ta dawo da shi ba.

Hukuncinmu dai shi ne Dreamcast na'ura ce ta ƙwarai, Soulcalibur da Crazy Taxi har gobe suna da daɗin bugawa, Shenmue kuma ya cancanci a san shi duk da giɓinsa. Wanda ke da tsohuwar na'urar a ɗaki ya kakkaɓe ta, ya zauna da 'ya'yansa su yi wasa a falo inda kowa ke gani, a sa wa abin lokaci, a kashe in an kira salla. Abin da ya fi kyau a cikinta ke nan tun asali, ramuka huɗun nan. 'Yan kasuwarmu kuma su riƙe darasin Sega: kyan kaya ba ya sayar da su in mai saye ya daina yarda da kai.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ba unguwarmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.