Kirari a Ƙirji: Sharhi a kan Begen Rigar Samari Mai Rubutu a Ƙasar Kabi

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin dattawan Birnin Kebbi da Argungu, musamman waɗanda suka ci samartakarsu tsakanin 1974 da 1985, watau tono tsofaffin hotuna daga ƙasan akwati a riƙa aika wa juna ta waya. Ga saurayi nan da tulin suma, da wando mai matse cinya mai faɗin baki, da takalmi mai tudu, ya dafa kujerar mai hoto, a ƙirjin rigarsa kuwa an rubuta wata kalma da fenti. Duk wanda hoton ya iske sai ya yi ajiyar zuciya ya ce duniya ta wuce. Masu iya magana dai sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne rubutun nan na ƙirji, domin a ganina, cikin dukkan kayan adon wancan zamani, shi kaɗai ne ya cancanci mai nazarin harshe ya tsaya a kansa.

Sai mu fara da rage wa labarin gishiri. Kafin ranar 27 ga Agusta 1991, da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, Birnin Kebbi mazaunin Sarkin Gwandu ne kurum a cikin jihar Sakkwato, ba ta kuwa da gidajen rawa irin na Ikko ko Kaduna. Abin da samari ke kira disko bai wuce kulob ɗin ma'aikata, ko farfajiyar wani otel a bayan gari, ko zauren makarantar kwana a daren Asabar ba, inda za a ɗora faifan James Brown ko Jimmy Cliff ko Fela a yi ta tsalle har injin wuta ya gaji. A Argungu kuwa sai lokacin bikin kamun kifi, sa'ad da baƙi suka cika gari, dare kan raya. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya sa aljihu ya yi nauyi, 'yan bautar ƙasa kuma, waɗanda aka fara turowa tun 1973, suka zo da farar rigarsu mai tambari a ƙirji. Daga nan ido ya saba.

Wanda ba shi da halin aikawa Kano a sawo masa, sai ya yi tasa da hannunsa, kuma a nan ne daɗin abin yake. Za a sayi farar tishat ko singileti a kasuwa, a nemo kwalin sukari, ko kuma, ga mai sa'a, tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, wadda ba ta jiƙa. A zana haruffa da fensir, a bi su da reza a huhhuda. Mai yanka dole ya san cewa haruffa irin su A da D da O suna buƙatar a bar musu ɗan siririn mahaɗi, in ba haka ba cikinsu ya zube, harafi ya koma dunƙulen fenti. Sa'an nan a cusa allo cikin rigar, a ɗora kwalin, a dangwala soso cikin fenti a riƙa dannawa a hankali. Ni kaina na taɓa manta allon nan, fenti ya ratsa, na wayi gari da magana guda a ƙirji da kuma juyayyiyarta a gadon baya. Bayan wanki uku ko huɗu rubutun ya soma tsagewa, bayan goma kuwa sai wanda ya san abin da aka rubuta da fari ne zai iya karantawa.

Ba wannan ne karo na farko da tufar Bahaushe ta yi magana ba. Aikin aska takwas a babbar riga yana faɗin arziki, rawani mai kunnuwa yana faɗin gidan da aka fito, akwai kuma rigunan da malamai kan cika da ayoyi da hatimi domin tsarin mayaƙa. Amma dukkan waɗannan maganar al'umma ce ko ta malami a jikin mutum. Rigar samarin nan ta fi kusa da wani abu dabam, watau kirarin kai, irin wanda ɗan dambe ko ɗan kokawa ko ɗan tauri kan yi idan ya shiga fage, ya ɗaga hannu ya faɗa wa jama'a ko shi wane ne kafin wani ya faɗa. Filin rawa fage ne, saurayin da ya shigo kuwa, tun da amon kiɗa ba zai bari a ji muryarsa ba, sai ya ɗora kirarin a ƙirji.

In an lura da zubin waɗannan maganganu za a ga ƙirjin ne ya yi musu ƙa'ida. Faɗinsa bai wuce taƙi biyu ba, kowane harafi kuma sai an sha wahalar yanka shi, saboda haka ba mai ɓarnar kalma. Biyu ko uku sun isa: Ba Ruwana, Sai Haƙuri, Sannu Mahassada, Kowa Da Ranarsa. Irin maganganun da ake gani a goshin manyan motoci ke nan, kuma daga can aka aro da yawansu. Bambancin shi ne mota tana magana da duk wanda ta wuce, riga kuwa sau da yawa mutum ɗaya take nufi, ko abokin takara ko yarinyar da ta juya baya, kowa a dandalin kuma ya san wanda ake nufi. Habaici ke nan tsantsa, da sharaɗinsa na asali, watau a soki mutum ba tare da an ba shi abin kai ƙara ba.

Akwai wani abu kuma da masu nazarin ƙa'idojin rubutu ya kamata su yi la'akari da shi. A lokacin da keken rubutu na ofis ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai akawu ya bi da alƙalami yana sa ƙugiya, mai reza ba abin da ya hana shi lanƙwasa kan harafi yadda ya ga dama, in ya san ƙa'ida. Daɗin daɗawa, ba wani edita a tsakaninsa da rigarsa da zai mayar masa da magana zuwa daidaitacciyar Hausa. Bakabe ya rubuta yadda bakinsa ke faɗi: Allah Shi Kiyaye, Mi Kaka So, Wanga Yaro. Karin harshen yamma, wanda littattafan makaranta suka rufe wa ƙofa, ya sami ɗan wurin shan iska a nan.

To, amma masu bege suna da wani hali na tace tuwo su zubar da tsakuwa. Gaskiyar magana ita ce rigunan Hausa su ne 'yan kaɗan. Mafi yawa da Ingilishi aka rubuta, an kwafo daga bangon faifai ko hoton sinima, sau da yawa da kuskuren harafi, domin abin da saurayin ke son a sani shi ne ya shiga makaranta, ba wai yana da abin faɗi ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Haka nan kuma, duk hotunan nan da ake yaɗawa na maza ne. 'Yan matan gari suna dandali da kiɗan kalangu da nasu salon habaicin a waƙar gaɗa, kuma wadda duk ta taka ƙafa zuwa kulob ta san sunan da gari zai raɗa mata, alhali saurayin da ya gayyace ta yau shi ne dattijon da ke kewar wurin.

Yawanci akan ɗora mutuwar wannan ado a kan ƙaddamar da shari'a da jihar Kebbi ta yi a 2000. Wannan ya shafi wuraren rawa da shaye-shaye, amma rigar ta riga su kwantawa, abin da ya kwantar da ita kuwa kyauta ce. A siyasar 1979 jam'iyyu suka gane amfanin ƙirjin talaka, kowace da kalmarta guda: NPN Aminci, GNPP Adalci, PRP Nasara. Haƙiƙa kalmomi ne masu kyau, gajeru, masu nauyi, sun ma fi na samarin tsari. Sai dai mai sanye da rigar ba shi ya zaɓe su ba, an miƙa masa ne tare da ɗan abin shan ruwa. Ɗan dambe ya koma maroƙi ke nan, yana yi wa wani kirari da jikinsa. A Ingila, a 1984, wata mai tsara tufafi, Katharine Hamnett, ta shiga gaban Firayim Minista Margaret Thatcher da riga mai manyan haruffa tana ƙin a girke makamai masu linzami na Amurka. A can ƙirji ya zama wurin gaya wa mai mulki magana, a nan kuwa ya zama allon tallarsa.

Gwanjon da ke shigowa ta Kamba ya ƙarasa sauran aikin, har ka ga dattijo ya fito masallaci da maganar da, in an fassara masa, zai tuɓe rigar a nan take. Bikin Argungu ma, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, bai tsira ba. Dubi gaɓar Matan Fada ranar su: dubban masunta da homa da gora, kowanne da kirarin gidansu a baki, amma ƙirjin masu hidima da 'yan kallo na kamfanin waya ne ko na lemo ko na mai neman kujera.

Wuri guda ne na ga tsohuwar al'adar tana motsi. Ranar da ɗalibai suka gama jarrabawar ƙarshe a manyan makarantu, sukan sa farar tishat wadda ba komai a jikinta, su bi abokai da alƙalamin maka, kowa ya rubuta abin da ya ga dama, a ƙirji da kafaɗa da baya, da Hausa da Ingilishi har da ajami jefi-jefi. Ba a wanke irin wannan riga. Ninke ta ake yi a sa a ƙasan akwati.