Gasa da Ɗorewar Fasaha a Ƙagaggun Labaran Hausa: Daga Zariya Zuwa Abuja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi diddigin tarihin ƙagaggun labarai na Hausa, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo shi a Hausa a Rubuce (1988), zai lura cewa kusan kowane zango na wannan tarihi gasa ce take buɗe shi. Akwai gasar 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya, da ta kamfanin NNPC wadda littattafanta suka fito a 1980, da ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda nata suka fito a 1982, sai kuma gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC wadda aka fara a 2016, aka riƙa yin bikin ba da kyautarta a Abuja. Manazarta sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan littattafan da waɗannan gasanni suka haifar, amma ba a cika tsayawa a kan abin da ya sami marubutan bayan an watse daga biki ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa gasa tana iya tono mai fasaha daga inda yake ɓoye, amma ba ta iya riƙe shi a kan aiki, kuma abubuwan da suke riƙe shi su ne waɗanda Abuja ba ta tanada ba tukuna.

2.0 Ma'anar Fasaha

Hausa ba ta rasa kalmomi ba a wannan fage. Ta aro fasaha da hikima da basira daga Larabci, tana kuma da azanci da zalaƙa, sannan ga ƙagawa da ƙirƙira waɗanda masana suka fi amfani da su. A bakin jama'a kuwa, kalmar da ta fi yawo ita ce baiwa, wato abin da Allah Ya ba bawa ba da wayonsa ba. Har akan ji ana cewa mawaƙi wane aljanu ne suke ba shi waƙa. Illar wannan fahimta ga nazari ita ce takan rufe ƙofar tambaya, domin idan baiwa ce kurum, to, babu dalilin binciken abin da ya sa wani ya ɗore wani kuma ya tsaya.

Rayuwar makaɗan baka ta nuna ba a nan maganar ta tsaya ba. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa yana da ubangida, wato Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda yake ɗauke masa nauyin ci da sha, yake kuma jiran sabuwar waƙa duk salla. Yana da 'yan amshi waɗanda su ne farkon masu jin ɗan waƙa, idan bai hau kiɗa ba a bakinsu za a gane tun kafin a je gaban sarki. Ga kuma taron jama'a da ke yanke hukunci nan take. Ke nan baiwar tana tafe ne tare da abu uku: sukunin yin aiki, da mai gyara, da mai jiran na gaba. Da waɗannan ma'aunai uku za a duba marubutan zube.

3.0 Gasar 1933 da Abin da Ya Biyo Baya

Littattafai biyar aka samu daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. A cikin mutum biyar ɗin nan, Imam kaɗai ne ya sake fitar da wani babban aiki na ƙagaggen labari. Bello Kagara ya bi hanyar koyarwa da shari'a har ya zama Walin Katsina. Tafawa Ɓalewa siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966. A ganina wannan ita ce babbar asarar, domin ta fuskar zubi da tsari Shaihu Umar ya fi sauran ɗaurewa. Labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa cikin hamada zare ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ba a jin wani yanki da aka liƙa don cike shafi. Mai irin wannan hannu a littafin farko, da ya yi na biyu da na uku, da wata maganar ake yi yanzu.

Me ya bambanta Imam? Ba za a ce baiwarsa ta ninka ta sauran ba, idan da littattafan gasar kaɗai za a yi hukunci. Lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Littafin akwai daɗin harshe da ban dariya, amma gininsa sako-sako ne. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama, tsarin da ya yi kama da na Maƙamatul Hariri inda mai ba da labari yake ta cin karo da Abu Zaid a garuruwa daban-daban. Ana iya ɗauke haɗuwa guda daga tsakiya a mayar da ita gaba, ko a cire ta ɗungum, labarin bai san an yi ba. Neman ruwan da aka fita dominsa ma yakan ɓace wa mai karatu na tsawon shafuka.

A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kawo shi Zariya na wata shida, ba shi da wani aiki sai rubutu. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana kuma duba abin da ya rubuta suna tattaunawa. Sakamakon wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, masu ɗauke da labarai fiye da 80. A nan ne za a ga bambancin. A littafi na ɗaya, kowane labari da aku ya bayar yana da aikin da yake yi a cikin babban labarin: jinkirta Musa ne har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Dabarar aku mai tsare mutum da labari tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa, kuma da yawa daga labaran an san tushensu a Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. To amma an sake musu suna da gari da sutura da karin magana, har Bahaushe ya karanta bai ji baƙon ƙamshi ba. Wannan sarrafawa ita ce fasahar Imam, kuma tazarar da ke tsakanin littafinsa na farko da na biyu ta nuna abu ce da ake koyo, take kuma ƙaruwa idan an sami lokaci da mai gyara.

Shi kansa Imam hujja ne ta ɗaya ɓangaren. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 ya zama editanta, daga nan aikin jarida da siyasa da aikin hukuma suka cinye shi. Ya ci gaba da rubutu, kamar Tafiya Mabuɗin Ilmi da littattafan tarihin Musulunci, amma har ya rasu a 1981 bai sake yin wani ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba.

4.0 Gasannin 1980 da 1982, da Kasuwar Kano

Ba sai an daɗe a kan waɗannan gasanni biyu ba, domin abin da ya faru a 1933 ne ya maimaita kansa. Ta farko ta ba mu Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah. Ta biyu ta ba mu Turmin Danya da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Sulaiman Ibrahim Katsina ne ya jera uku a kusa da kusa, da ya ƙara da Tura Ta Kai Bango a 1983. Daga nan tattalin arzikin ƙasa ya karye, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta.

Inda aka ga ɗorewa ta gaske shi ne wurin da masana suka fi yi wa kallon raini. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano da kewaye suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, aka kuma yi ta muhawara a kansa a jaridu a shekarun 1990. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa, kuma babu wanda ya tsaya a littafi ɗaya. Babu alƙalin gasa a nan. Akwai dai mai karatu da ya sayi na ɗaya yana jiran na biyu, da ɗan kasuwa da ke tambayar yaushe za a kawo, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama inda marubuta ke haɗuwa. Raba labari kashi-kashi, wanda ake zargin dabarar cin kuɗi ce, shi ne kuma igiyar da ta ɗaure marubuci a kan tabarmar rubutu.

Sai dai kasuwa ta ba da mai jira, ba ta ba da mai gyara ba. Shi ya sa ake samun littafin da jigonsa ke da nauyi, kamar wulaƙancin da Rabi ta sha a gidan Alhaji Abdu a Alhaki Kuykuyo Ne, a gefe guda kuma ga ɗimbin littattafai da ƙa'idojin rubutu suka tarwatse a cikinsu, labari ya yi ta jan ƙafa don a kai kashi na uku. Marubuci yana iya yin littafi ashirin a haka, na ashirin ɗin bai fi na farko ba. Rubutun da ya koma wayar hannu a 'yan shekarun nan, inda ake sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, ya gaji wannan ƙarfi da wannan rauni gaba ɗaya.

5.0 Abuja

Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, hukumomin al'adu da manyan bukukuwan karramawa suka tattaru a Abuja. Abu biyu ne a birnin suka shafi wannan nazari kai tsaye. Na farko shi ne filin da Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, Ministan Birnin Tarayya kuma mawaƙi, ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a Mpape a 1985 don a gina ƙauyen marubuta. An harbe Vatsa a Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, filin kuma ya shafe fiye da shekara 30 kafin gine-gine su tashi a kansa. Na biyu shi ne Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta a 2016 da labarin Sansani, a kan rayuwar 'yan gudun hijira, sai Maimuna Idris Sani Beli a 2017 da Bai Kai Zuci Ba. Gasar ta yi abin a yaba: ta tilasta taƙaitawa, wadda ita ce maganin cutar jan labari, ta kuma kai labaran kunnen masu sauraron rediyo. Amma abin lura shi ne Maimuna Beli ta daɗe tana fitar da littattafai a Kano kafin ta shiga gasar. Kasuwa ce ta rene ta, Abuja ta miƙa mata kyauta.

Abin mamaki shi ne misalin da ake nema yana nan kusa, ko da yake ba a fagen rubutu ba. A tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, Michael Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya 'yar garin Kwali, garin da yake cikin Birnin Tarayya a yau. Ladi Kwali ta shiga makarantar a 1954 tana gwanar gini tun daga gida. Abin da wurin ya ƙara mata shi ne yumɓu da murhu mai zafin gaske, da abokan aiki, da masu saye a gida da waje. Ba ta bar ginin randa da hannu da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na Gwari ba, sai dai ta sarrafa shi da sabuwar dabara, kwatankwacin abin da Imam ya yi da labaran aro. Ta yi kusan shekara 30 a kan wannan aiki har ta rasu a 1984. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta a 1977, da hotonta da ke bayan takardar naira 20, duk daga baya suka zo.

Ƙauyen marubuta na Mpape yana da ɗakuna da zauren taro. Abin da zai mayar da shi wurin aiki ga marubucin Hausa shi ne a ɗauki waɗanda suka yi fice a gasa, a zaunar da su na wasu watanni tare da editan da ya san Hausa da dabarun labari, a kuma ƙulla yarjejeniya da mai ɗab'i tun kafin a fara, yadda littafin zai isa Kano da Sakkwato da Maraɗi inda masu karatu suke. Sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'inmu suna da malaman da za su iya aikin editan. Haka kuma yana da kyau ɗalibanmu masu neman digiri na biyu su bi sawun waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku a Hikayata tun daga 2016, a ƙididdige nawa ne suka fitar da cikakken littafi bayan kyautar, wa ya gyara musu, wa kuma ya buga.